Yadda za ki gyara tsarin gida yara su tashi da lafiya da kuzari, mataki bayan mataki

Tun ranar da na ba da labarin ɗana na tsakiya, wanda ya yi kusan shekara guda a manne da waya kafin ya dawo yaro mai guje-guje, tambayoyi ba su daina zuwa ba, kuma kusan duk abu ɗaya ake tambaya: ta ina zan fara? Wata ta ce nata ba ya cin komai sai biskit, wata ta ce sha ɗayan dare idon yarinyarta biyu, wani uba ya ce ya sayo ƙwallo da keke duk suna nan jingine sun yi ƙura. Toh ga amsar gaba ɗaya a wuri guda. Da "ki" zan yi ta magana don yawancin masu tambayar uwaye ne, amma iyaye maza har da ku nake, aikin nan ba ya tafiya da hannu ɗaya.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne ba yaron za ki gyara ba, tsarin gidan za ki gyara, kuma jerin matakan yana da muhimmanci sosai. Yawancinmu da abinci muke farawa saboda shi ya fi tsaya mana a rai, sai a yi ta faɗa a kan kwano har a gaji a bari. Alhali yaron da bai samu barci ba rigima zai yi ta yi yana neman zaƙi, wanda bai motsa jiki ba kuwa ba zai ji yunwa ba balle ya ci abin da kika dafa. Shi ya sa barci ne a gaba, sai kallon waya da talabijin, sai wasa, sannan abinci. Kowane mataki ki ba shi sati ɗaya zuwa biyu kafin ki ɗora wani.

Kayan aikin ba su da yawa: littafi da biro, agogo ko ƙararrawar waya, ƙwallo, igiya, alli, buroshi da man goge baki, ma'aunin zafin jiki, takalmi. Ma'aunin zafin da takalmin da ya dace da ƙafar yaro su ne za su ɗan ci kuɗi, saura galibi suna cikin gidanki.

1. Sati ɗaya na lura kawai

Kada ki canza komai a satin farko. Ki dinga rubuta abu huɗu kullum: ƙarfe nawa ya yi barci ya kuma tashi, minti nawa ya yi a gaban waya ko talabijin, minti nawa ya yi yana wasan da ya sa shi haki, da duk abin zaƙin da ya shiga bakinsa har da wanda baƙi suka ba shi. Ni da na yi nawa na ɗauka awa ɗaya yake kallo, da na haɗa lissafi sai ga awa huɗu da ɗoriya a ranar da babu makaranta, kuma rabi ni ce na miƙa masa wayar da hannuna don in samu in ƙarasa aiki.

Hattara: kada ki gaya wa yaron ana rubuta laifinsa, kuma kada littafin ya zama abin gori tsakaninki da babansa.

2. Barci

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, daga wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, duk har da barcin rana. 'Yan shekara 6 zuwa 12 likitocin barci sun ce awa 9 zuwa 12, matasa 8 zuwa 10.

Lissafin daga baya ake yinsa. In ɗan shekara 7 zai tashi ƙarfe 6 na safe kuma kina so ya samu awa 10, toh ƙarfe 8 na dare ya kamata a ce ya yi barci, ba wai lokacin ake fara neman kayan barcinsa ba. In yanzu sai 10 yake kwanciya kada ki ce yau ɗin nan sai 8, zai kwanta ne kawai yana juyi yana kiranki, ki dinga janyo lokacin da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku har ku iso. Lokacin tashi kuwa ki tsayar da shi wuri guda ko da ranar hutu ce, bambancin kada ya wuce awa ɗaya.

Sai ki tsara rabin awar ƙarshe ta zama iri ɗaya kullum: wanka ko wanke jiki, goge baki, labari ɗaya, a rage haske. Jeri ɗaya, kullum, har jikinsa ya gane da kansa. Shayi, kofi da lemon kola kada su shiga bakinsa daga yamma.

Hattara: jariri a rigingine ake kwantar da shi duk lokacin barci har ya shekara, a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo ba tulin bargo kusa da fuskarsa. Yaron da kuma yake minshari mai ƙarfi kowane dare, numfashinsa na ɗaukewa yana dawowa, wannan ba gajiya ba ce, a kai shi likita ya duba.

3. Waya da talabijin

Ƙa'idar dai ita ce ɗan ƙasa da shekara 2 ba a so a zaunar da shi gaban kallo sam, daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana, in bai kai ba ma ya fi. Manyan yara ke za ki yanka musu, abin dubawa shi ne kada kallon ya ci lokacin barci, wasa da karatu.

Da wayarki za ki fara. Wannan ne wurin da ya fi yi wa iyaye wuya, na sani, amma yaro ba zai yarda waya matsala ce ba alhali yana yi miki magana kina amsa masa da "uhm" idonki na kan taki. Ki samu kwando ko wani wuri guda, lokacin cin abinci da awa ɗaya kafin barci duk wayoyin gidan can za su kwana, har da ta babansu. Ɗakin barcin yara kuwa ba waya ba talabijin, caja ma a fitar da ita.

Lokacin da aka ba shi kallon, ki saita ƙararrawa a gabansa ya gani, saura minti biyar ki tuna masa, in ta kaɗa shikenan. Ki shiga YouTube ki kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa in ɗaya ya ƙare, don shi ne yake mayar da katun ɗaya ya zama goma.

Zai yi kuka. Nawa kwana huɗu ya yi yana birgima a ƙasa, a rana ta biyu har na kai hannu zan ba shi, abin da ya hana ni shi ne na san in na ba shi a tsakiyar kukan na koya masa cewa kuka ne mabuɗin. Ki zauna kusa da shi, ki ce na san ranka ya ɓaci, amma lokacin ya ƙare, kada ki yi ta dogon bayani.

Kuskuren da aka fi yi: a ƙwace waya a bar yaro zaune ba abin yi. Kafin ki rage kallon ki riga ki tanadi abin da zai cike gurbin, wato mataki na gaba. Na biyu kuma ba yaro abinci yana kallon katun don ya buɗe baki bai sani ba, yana ci kam, amma ba ya koyon gane yunwarsa da ƙoshinsa, ran da babu katun kuma babu ci.

4. Wasa

Nan zan daɗe don nan ne zuciyar maganar.

Jariri wasansa a ƙasa yake. Ki shimfiɗa abu mai tsabta ki kwantar da shi rub da ciki yana farke kina gabansa, minti biyu, minti uku, sau da yawa a rana har a haɗa aƙalla minti 30, wannan ne yake ƙarfafa wuya da kafaɗa da bayan da zai zauna ya yi rarrafe da su. Kada ya wuce awa ɗaya a jere a ɗaure wuri guda, ko a kujerar yara ne ko keken turawa ko a goye, a sauke shi ya miƙe ya yi harbe-harbensa.

Hattara: keken koyon tafiya mai tayoyi ba ya koya wa yaro tafiya, abin da yake yi shi ne ya kai shi bakin matakala ko kusa da tukunya kafin ki juyo. Ƙasar Kanada tun 2004 ta haramta sayar da shi. Kuɗinsa ki bar su a aljihu.

Daga shekara 1 zuwa 4 ana so su samu minti 180 na motsi a rana, awa uku ke nan, a warwatse ba a haɗe ba, 'yan 3 zuwa 4 kuma a cikin wannan a samu minti 60 na wasa mai ƙarfi. Daga 5 zuwa 17 minti 60 a rana na abin da zai sa zuciya bugawa, sannan kwana 3 a sati a samu tsalle, hawa, rataya, abin da ke gina ƙashi da tsoka. Yadda za ki gane wasan ya kai: yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba saboda haki. Kuma ba sai an yi awa ɗayan a tashi guda ba, minti 20 na tafiya, minti 15 na tsallen igiya, minti 25 na ƙwallo, an gama.

Abin da ba a faɗa wa iyaye shi ne yaron da ya daɗe a zaune ya manta yadda ake wasa. Ranar farko da na fitar da nawa waje na miƙa masa ƙwallo, ya rungume ta ya jingina da bango yana kallona, can ya ce "Mama, to me zan yi?" Wallahi maganar ta tsaya min a rai har yau. Sai na ɗauki alli na ja layi biyar a ƙasa, na ce mu ga wa zai tsallake na uku, na fara tsallakawa da kaina, ya yi dariya, ya gwada ya faɗi, ya tashi ya ce a sake. Minti goma kawai muka yi ran nan. Sati biyu na farko dole ki shiga ciki, ba tsayawa gefe kina ba da umarni ba, daga baya shi zai dinga ƙirƙiro nasa dokokin yana korar ki. In kuma aka samu wani yaro sa'ansa ya shigo cikin wasan toh aikinki ya ragu da rabi, yaro da yaro su ke ja wa juna gudu.

Ki tsayar da lokaci guda a rana da kowa ya san na wasa ne, misali bayan an dawo makaranta an ci abinci an ɗan huta. In gida ƙarami ne ko babu fili, a ture kujeru: tsere da rarrafe, rawa, buga balan-balan kada ya taɓa ƙasa, jifan safa a naɗe cikin kwando, tsallake filo. Aikin gida daidai ƙarfinsa ma motsi ne, shara, shanya, ɗauko wannan kai wancan. Amma duk yadda za a yi a fita waje a fita, don bincike ya nuna yaran da ke samun kamar awa biyu a hasken waje kullum ba su cika kamuwa da matsalar kasa ganin nesa ba kamar masu wuni a ɗaki.

Yara mata kuma don Allah kada a bar su a baya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsi, a mata abin ya kai kashi 85, maza 78. Da yarinya ta fara girma sai a ce ta nutsu ta zauna, alhali a shekarun nan ne ƙashinta yake ginuwa. Ki nemo mata wuri da irin wasan da hankalinki ya kwanta da shi, amma ta motsa.

Kurakurai: horon yaro da tsallen kwaɗo ko zagaye fili in ya yi laifi, kin haɗa masa motsa jiki da azaba ke nan. Yawan "sauko kada ka faɗi" a kan abin da in ya faɗi ƙujewa ce kawai. Kwatanta shi da ɗan wani. Da sayen kayan wasa masu batir waɗanda su ke wasan yaro na kallo, kwali babba da igiya sun fi su aiki.

Hattara: bokiti ko baho da ruwa a ciki, ko da ruwan bai kai tsawon yatsa ba, yana iya kashe yaro mai tatata cikin 'yan mintuna kuma ba za ki ji ihu ba. A zubar ko a rufe da murfi mai nauyi. Mai hawa keke ya sa hular kwano. In ana tsananin zafi a mayar da wasan safe ko yamma, ruwan sha a kusa.

5. Abinci

In kin bi ukun can za ki tarar rabin matsalar cin abinci ta tafi da kanta, don yaron da ya yi gudu yunwa ce ke kawo shi.

Ki raba aikin gida biyu. Ke ce mai yanke me za a ci, yaushe, a ina. Shi ne mai yanke ko zai ci da yawan da zai ci. Abinci sau uku, ɗan abin taɓawa sau biyu, tsakaninsu awa biyu zuwa uku, a tsakani kuma ruwa kawai. Yaron da yake wuni da biskit a hannu da jus a kofi ba ƙin abinci yake ba, a ƙoshe yake.

A kwanonsa a samu abin ba da ƙarfi na hatsi ko dankali, abin gina jiki kamar ƙwai, wake, kifi, nama ko madara, sai ganye da 'ya'yan itace. Ki zuba kaɗan, kamar dunƙulen hannunsa, in ya cinye ya nemi ƙari, tuli yana kashe wa yaro gwiwa tun kafin ya fara. Sabon abu kuwa yaro na iya ƙinsa sau 10 har 15 kafin ya karɓa, yawancinmu a na uku muke cewa ba ya so. Ki ci gaba da sa cokali ɗaya a gefen abin da ya saba, ki ci naki a gabansa, ba lallashi ba tsawa. Bayan minti 20 zuwa 30 a ɗauke kwano, kada ki tashi ki dafa masa wani daban.

Zaƙi daga wurin sayayya ake yaƙarsa, abin da bai shigo gida ba ba a rigima a kansa. Gwangwanin lemon kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kamar giram 35, kusan cokalin shayi tara ke nan. Jus na kwali ma kada hoton 'ya'yan itacen ya ruɗe ki, juya bayansa ki karanta. Kuma ƙwai da wake da ganye sun fi kayan leda masu hoton katun amfani.

Jarirai: nonon uwa zalla wata 6, daga nan a fara abinci mai kauri ba tsululu ba, sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 sau 3 zuwa 4, nono na ci gaba har shekara 2 ko fiye.

Hattara: ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma, ko lasa ce, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Gyaɗa guda-guda da alawa mai tauri ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne, inabi a tsaga shi a tsaye, kuma a zaune ake ci ba ana gudu ba. Shayi tare da abinci yana hana jiki zuƙar sinadarin ayon, abin da ke jawo ƙarancin jini da kasala, lemon zaƙi ko tumatir kuwa taimakawa suke. Kada ki yi ɗura, kada ki ce "cinye in ba ka alawa", kuma in yaro yana da ƙiba kada a kira shi da ita ko a ware masa abincinsa shi kaɗai, gidan duka ne zai canza.

6. Haƙori da hannu

Daga fitowar haƙorin farko ake fara gogewa, sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci. Man mai fulorayid, wato sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ɗan ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramar ƙwayar wake, ya tofar kada ya kurkure. Ki dinga taya shi har wajen shekara 7. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20, kafin ci da bayan an fito bayan gida.

Hattara: kada yaro ya yi barci da kwalbar madara ko abin zaƙi a baki, haƙoran gaba ne suke fara ruɓewa.

7. Katin rigakafi da akwatin magani

Ɗauko katin yau ki duba. In an tsallake wata allura ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba, don haka kada kunya ta hana ki komawa. Ƙyanda allura biyu ce, mutane da yawa a ta farko suke tsayawa. Awon nauyi kuma ba lamba ɗaya ake kallo ba, layin ake kallo, in ya miƙe ya daina hawa ko ya fara sauka ki yi magana. Yaron da ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, a kai shi a duba.

A akwatin a samu ma'aunin zafi, farasitamol na yara da sirinjin awonsa, da ƙullin ORS (garin gishiri da sukari na gudawa) da ƙwayar zink. Gudawa in ta zo ORS ake fara bayarwa, a dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙullin ba da ƙiyasi ba, zink kuma kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, a ci gaba da nono da abinci.

Hattara: farasitamol da nauyin yaro ake aunawa, ba da cokalin kicin ba. Asfirin ba na yara ba ne. Ragowar maganin wani kada a ba wani. Alamomin da ba a kwana da su a gida: ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba ya tasuwa, numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, ko zazzaɓin da ya kai 38 a jaririn da bai cika wata 3 ba.

8. In tsarin ya rushe

Zai rushe, ciwo zai zo, tafiya za ta kama, baƙi za su zo da alawa da wayoyinsu, ko ke kanki ki kwanta. Kada ki yi ƙoƙarin dawo da komai rana ɗaya, koma mataki na 2 ki daidaita barci kwana uku, sai kwandon waya, sai lokacin wasa. Masu taya ki reno, kaka ce ko mai aiki ko ƙanwarki, ki zaunar da su cikin girmamawa ki roƙe su abu biyu kacal, lokacin barci da hana waya wurin cin abinci, in kika jero musu dokoki goma ko ɗaya ba za a bi ba.

Bayan sati shida ki sake ɗauko littafin nan, ki yi sati ɗaya kina rubuta abu huɗun da kika rubuta a farko, ki buɗe shafin farko ki ajiye su gefe da gefe. Wanda bai motsa ba a cikin huɗun, shi za ki ba sati biyu masu zuwa.